Ƙarfen da Ya Ƙi Narkewa

Zuru,
6 ga Satumba, 2003.

Zuwa ga ƙanena Ishaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya baƙunta, yaya karatu? Mama tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko ana samun tuwo a Italiya, ko kana can kana ramewa a kan burodi. Na ce mata wata huɗu ne kawai, kuma dama can ba wani jiki gare ka ba balle ka rame.

Aikin da ka bar mini na yi, kada ka dawo ka ce yayarka ta yi maka sakaci. Na tattara sunaye talatin da takwas na waɗanda za su zauna horon naka a hutun Kirsimeti: malaman kimiyya na sakandare daga nan Zuru da Manga da Mahuta, sai masu gyaran rediyo da talabijin su bakwai. Kowa tambayarsa ɗaya, wai mene ne kwantam. Ni da nake fama da 'yan aji huɗu na firamare, me zan ce musu? Na ce ilimin ƙananan abubuwa ne da ido ba ya gani, an ba jami'arku tallafi ta koya wa mutanenmu, don 'ya'yan Zuru su sami abin yi ban da kaki da garma. Da na ambaci kaki sai kowa ya miƙo sunansa.

Maganar kaki kuwa, autanmu Dawuda ya zo hutun fas na kwana huɗu daga bariki, ya koma ranar ɗaya ga wata. Bataliyarsu za ta Laberiya. Ya yi ƙiba, ya ƙara surutu, an kuma ƙara masa igiya. Mama ta daure har ya hau mashin, sannan ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Ni ma raina bai so ba, amma wa zan nuna wa?

Sai labarin Baba Ezekiel ƙanen Babanmu, labarin da na san zai ba ka haushi, don haka ka nemi wuri ka zauna tukuna. Birai sun dame shi a gonarsa ta gindin dutse, sun gama da masara sun koma kan gyaɗa. Bindigar tokarsa tana nan, albarushi yana nan, dalmar harsashi ce babu. Ya shiga ɗakin marigayi Babanmu neman tsohon batirin mota, sai ya ci karo da akwatunanka uku. Na san ka ce kada kowa ya taɓa. To ni ka gaya wa, ba shi ba. Ko da ma ka gaya masa ka san amsar: ɗakin wansa ne, makulli yana hannunsa tun ranar jana'iza, kuma ba ya neman izinin yaro a kan abin da ke ciki. Biyu bai taɓa ba, ya ce gilasai ne da wayoyi. Na ukun, ƙaramin nan mai rawayar takarda da zanen fanka a jiki, shi ya ɓalle. Maimakon fanka sai ya tarar da wata tukunyar dalma mai murfi, ba ta fi babban gwangwanin madara ba, amma da ƙyar ya ɗaga ta.

Ina makaranta aka fara aikin. Na dawo na same shi a bayan gida da gawayi da tsohon kasko, ya narkar da ita duka, yana zuba harsashi yana waƙar soja. Abin mamaki ɗaya na gani da idona. Da dalmar ta zama ruwa, sai ga wani ɗan farin ƙarfe kamar ƙwayar wake ya taso sama yana yawo. Baba ya ƙara gawayi, ya hura, ƙarfen nan ko gezau. Ya tsamo shi da cokali, ya bari ya huce, ya daɗe yana juya shi a tafin hannu, sannan ya jefa a aljihun wando.

Na yi masa faɗa iyakar abin da 'ya za ta iya yi wa uba. Ya ce in gaya maka ya gode, in ka dawo zai nemo maka wata tukunyar. Ka faɗa mini inda ake samun irinta, mu san yadda za mu yi kafin Disamba.

Ka kula da kanka, ka riƙa zuwa coci ko da ba ka jin yarensu. Allah ya tsare.

Ni ce yayarka,
Saloma.

*

Italiya,
23 ga Satumba, 2003.

Yaya Saloma,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama da kowa da kowa. Ki gafarce ni, gaisuwar yau gajera ce. Wasiƙarki ta kwana goma sha bakwai a hanya. Yau da safe na karanta ta a tsaye.

Wanda ya miƙa miki wannan takarda Malam Muntaka ne, mai kula da ɗakin gwaje-gwajenmu a jami'a. Ta kwamfuta na aika masa, ya buga, na roƙe shi ya hau mota ya kawo miki da hannunsa. Mutumin kirki ne, ki yarda da shi. Amsarki ma shi za ki riƙa ba wa, zai turo mini a rana ɗaya.

Yaya, ki manta da tukunyar. An yi ta ne don ta tsare mutane daga ɗan ƙarfen nan. A cikinsa akwai wani sinadari da ake kira siziyom. Yana fitar da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, sai dai na asibiti ana kunnawa a kashe, wannan kuwa ba ya mutuwa har shekaru. Ba a ganinsa, ba ya wari, ba a jin zafinsa. Da shi za mu nuna wa malaman nan a kan na'ura cewa haske ma ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, gwajin da duk horon ya dogara a kai ke nan. Daga nesa, taku biyar ko shida, ba ya yi wa mutum komai. Amma in ya manne da jiki kwana da kwanaki, yana cin nama daga ciki. Sai bayan mako biyu ko uku wurin ya yi ja, ya tashi, ya zama gyambon da ba ya jin magani. In aka bar shi ya daɗe yana kaiwa ga ƙashi da jini.

Ki je wurin Baba yanzu, kada ki tsaya cire takalmi. Kada kowa ya taɓa abin da hannu. Malam Muntaka ya taho da na'urar awo da doguwar awartaki, shi zai ɗauka. Ki duba cinyar Baba daidai aljihu, ko zai yi faɗa ya yi.

Akwai abin da ya kamata ki sani, tunda ni na jawo. Ba a yarda a fitar da wannan abu daga jami'a ba sai da izini a rubuce, kuma izinin bai fito ba lokacin da na kawo shi. Motar sashenmu a watan Agusta kaɗai ta samu, na ce bari in kai kayan kafin in tafi, takarda ta biyo baya. Na je makarantar da za a yi horon na tarar ɗakin gwajinsu ba ƙofa, shi ya sa na kai ɗakin marigayi Babanmu. Ban gaya miki ko mene ne ba don na san Mama ba za ta bari ya kwana a gidan ba.

Shekara uku ina rubuta neman tallafin nan. Jami'o'i da yawa sun nema, mu aka ba, kuma ni na nace a kawo horon Zuru. In magana ta fita za a soke shi, aikina ya tafi, wataƙila har kotu. Ina roƙonki, a nemo shi a mayar ba tare da kowa ya ji ba.

Tun safe ban iya sa komai a bakina ba. Ki rubuto da zarar yana hannunku.

Ƙanenki,
Ishaya.

*

Zuru,
28 ga Satumba, 2003.

Ishaya,

Muna lafiya, in dai wannan ita ce lafiya. Mama ba ta san komai ba tukuna, na ce mata Malam Muntaka ya zo duba kayanka ne.

Ba ya hannunmu. Bari in ba ka labarin yadda ya faru, don in na fara da ƙarshe ba zan iya rubuta sauran ba.

Malam Muntaka ya iso jiya da hantsi. Mutum mai natsuwa, ko ruwa bai tsaya sha ba. Ya kunna na'urarsa ya ce in muka kusanci abin za ta yi ta ƙara ba tsayawa. Muka bi ɗakin Baba Ezekiel, da bayan gida, da rumbu, da tokar da aka yi narkin, har gona muka hau. Sai ɗan ƙyas, ta yi shiru, can kuma ƙyas. Ya ce wannan ba komai ba ne, ko'ina haka take yi.

Baba yana zaune a gindin mangwaro yana kallonmu. Na durƙusa na ce, "Baba, ina ɗan ƙarfen nan?" Ya ce, "Wane ƙarfe?" Na ce, "Wanda ya ƙi narkewa." Ya ce, "Yana inda ya kamata." Na yi roƙo, na yi bayani, Malam Muntaka ma ya yi nasa cikin ladabi. Baba ya ce shi ya yi yaƙin basasa tun ba a haife mu ba, ba za a tsorata shi da ƙwayar wake ba. Da ya miƙe na ga yana ɗingishi. Na cire kunya na ce ya ɗaga wandonsa. Ishaya, a cinyarsa ta dama akwai wuri ja, faɗin murfin kofi, tsakiyarsa ya fara ruwa. Ya ce gizo-gizo ne ya yi masa fitsari. Malam Muntaka ya tambaye shi kwana nawa abin ya yi a aljihunsa, ya ce uku. Na ga bakin bawan Allah nan yana motsi yana addu'a.

Kwana uku kawai. To bayan kwana ukun ina ya tafi? Sai na tuna ranar da Dawuda zai koma, Baba ya ja shi ɗaki su biyu, suka daɗe. Na ɗauki gyale na nufi kasuwa layin dukawa. Tsohon da ke yi wa Baba ɗinki bai ɓoye mini ba. Ya ce ƙarshen watan jiya Baba ya kawo masa wani ɗan farin ƙarfe, ya ɗinke shi a jar fata, ya yi masa kambu na ɗaurawa a damtse.

Yana hannun Dawuda. Yau kwana ashirin da bakwai.

Na dawo gida ban san ta inda na bi ba. Na ce, "Baba, ka kashe shi." Ban taɓa yi masa magana haka ba. Bai yi fushi ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya ce, "Saloma, zauna. Ƙarfen da wuta ta kasa ci, ya hau kan dalma ya zauna, dalma ba za ta shiga jikin mai shi ba. Harsashi dalma ne." Ya ce lokacin da ɗansa Aaron zai tafi Saliyo, ya riga ya ƙona kayan tsarinsa a gaban ikilisiya, ya sallame shi da addu'a kaɗai, akwatin kayansa ne ya dawo. Ya ce ba zai sake tura yaro fagen daga hannu wofi ba. Ya kuma sa Dawuda ya rantse ba zai kwance shi ba, ko wanka zai yi, sai ya dawo gida shi Baban ya kwance masa da hannunsa. Har ya gargaɗe shi cewa duk wanda ya ce ya cire, ba masoyinsa ba ne.

Ka san Dawuda. Tun rasuwar Babanmu, in Baba Ezekiel ya ce ya shiga rijiya zai shiga.

Malam Muntaka ya ce hanya ɗaya ce: a je bariki a faɗi gaskiya, su aika sigina ga kwamandansa. Ya ce kai ne za ka ba da izini, tunda kanka abin zai faɗo. Na ce masa ai wannan ba abin tambaya ba ne. Ka gaya mini ban yi ƙarya ba.

Yayarka,
Saloma.

*

Italiya,
1 ga Oktoba, 2003.

Yaya Saloma,

Ina gaishe ki da fatan jikin Baba da sauƙi. A kai shi asibiti a wanke wurin, kada a sa masa ganye ko toka.

Na karanta wasiƙarki sau huɗu. Dawuda ƙanena ne, ni na koya masa hawan keke, kada ki ɗauka ban damu ba. Amma ki saurare ni kaɗan. In muka shiga bariki, magana ta bar hannunmu. Soja za su sanar da hukuma, hukuma ta sanar da jami'a, jami'a ta sanar da waɗanda suka ba da tallafi. Ba ni kaɗai zan faɗi ba. Malam Muntaka shi ke riƙe da makullin sito, za a ce da saninsa. Mutum talatin da takwas ɗin da kika rubuta, da waɗanda za su biyo bayansu shekara biyar, duk sun rasa. Kuma ba za a sake amincewa a kawo irin wannan abu yankinmu ba, za a ce ga abin da suka yi da na farko.

Ga shawarata. Ki rubuta wa Dawuda da hannunki, ki ce Baba ne ya aiko ki, ya kwance kambun ya sa a gwangwani, ya binne inda zai gane, nesa da mutane. Ki ba wani soja mai tafiya can, ai ba a rasa ɗan Zuru a kowane jirgi. In ya dawo sai mu san dabarar da za mu yi. Akwai fata tsakanin abin da jikinsa, wataƙila ta rage wani abu. Kuma yana yiwuwa ya riga ya cire da kansa, soja ne, zafi ake yi a can.

Na san yadda wannan zai yi miki a kunne. Ina jin tsoro, Yaya, ban taɓa jin irinsa ba. Ki ba ni mako biyu kawai mu gwada wannan hanyar.

Ki gaida Mama.

Ƙanenki,
Ishaya.

*

Zuru,
9 ga Oktoba, 2003.

Dokta Ishaya,

Na gaishe ka don Mama ta koya mana gaisuwa.

Na tambayi Malam Muntaka maganar fatar nan kafin ya koma. Ya sunkuyar da kai ya ce in dalma mai kauri ake bukata, me fatar akuya za ta yi? Kai ma ka sani, kai ka koya masa. Karatun da aka sayar da shanun Babanmu aka yi maka, yau da shi kake yi mini wayo? Kuma kada ka ƙara fakewa da shi. Ya ce in gaya maka shi ya shirya faɗin abin da ya sani ko za a kore shi, yana da 'ya'ya shida.

Duk da haka na rubuta wasiƙar da ka ce, don kada in bar wata ƙofa. Na zaga gidajen soja har na sami matar wani saje da ta ce jirgin kaya zai tashi ƙarshen wata. Ƙarshen wata, Ishaya. Ko ta isa, kana ganin Dawuda zai karya rantsuwa saboda rubutun mace, bayan an gaya masa mai cewa ya cire maƙiyinsa ne?

Cinyar Baba ta buɗe. Ana wankewa kullum a asibiti, kullum ramin yana ƙara zurfi, naman gefen ya yi fari. Ba ya barci. Shekaranjiya ina ɗaure masa bandeji sai ya riƙe hannuna ya ce, "Kwana uku ne ya yi mini haka?" Na ce e. Ya yi ta lissafi da yatsu, ya kai inda ya kai ya tsaya. Ya ce in ɗauko masa rigarsa mai lambobin yabo.

Jiya muka je bariki, ni da shi, a kan mashin biyu. Tsoho mai shekara saba'in ya ƙame a gaban yaron da bai kai ɗansa ba, ya sara masa, ya ce, "Ranka ya daɗe, na ɗaura wa ɗana guba da hannuna, na zo a taimake ni in kwance." Ya ɗaga wando ya nuna. Hafsan ya saurare mu da kyau, ya kira likitansu ya duba. Ya ce sigina tana isa hedikwatar bataliyar a ranar da aka aika, kuma za a sa sunan Baba a ciki don Dawuda ya yarda. Amma ba zai iya tayar da bataliya a ƙasar waje a kan maganar laya ba. Yana bukatar takarda daga mai abin, da sa hannu, ta faɗi ko mene ne, da ƙarfinsa, da yadda za a ɗauke shi kada wani ya ƙone. Ya rubuta mini lambar fakis, na'urar nan ta aika takarda ta waya, ga ta a ƙasan takardar nan.

Baba bai ambaci sunanka ba, ni ma ban ambata ba. Na bar maka wannan ka yi da kanka.

Sunaye talatin da takwas suna nan a jakata, ni na bi su gida-gida, na san abin da za su rasa. Amma ba zan ba da Dawuda a kansu ba, su ma ba wanda ya roƙe ni in bayar. Kullum na rufe ido hannunsa nake gani. Mama ta fara tambaya me ya sa ba na cin abinci, kuma ƙaryata ta kusa ƙarewa.

Yau kwana talatin da takwas.

Saloma.

*

Italiya,
16 ga Oktoba, 2003.

Yaya Saloma,

Ina gaishe ki, in za ki amsa.

Na aika. Yau da ƙarfe tara na safe takardar ta tafi bariki ta fakis, da sa hannuna, da sunan abin da lambarsa da yadda za a ɗauke shi. Na aika irinta ga shugaban sashenmu da hukuma, na rubuta cewa ni kaɗai na fitar da shi, Malam Muntaka bai sani ba. Kafin azahar shugaban ya amsa: an dakatar da tallafin, ni ma an dakatar da ni, in dawo in fuskanci kwamiti. Jirgina ranar Talata ne.

Ba zan ɓoye miki ba, tunda Malam Muntaka ya san ranar da ya turo mini wasiƙarki. Tun ranar goma ga wata na rubuta takardar nan. Kwana shida tana kan teburina. Kullum in ɗauka in kai bakin ofishin da na'urar take, in juyo. Ba ni da wani dalili da zan ba ki, tsoro ne kawai.

Ki koma bariki ki tabbata siginar ta tafi. Ki gaya wa Mama gaskiya, ki ce ni ne. Mutanen da kika rubuta kuma ki bar mini su, ni zan bi su gida-gida in faɗa musu da bakina.

Allah ya sa kwana shidan nan ba su yi yawa ba.

Ƙanenki,
Ishaya.

*

Laberiya,
12 ga Oktoba, 2003.

Zuwa ga Yaya Saloma,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Mama, yaya Baba, yaya 'yan makarantarki masu kunnen ƙashi? Ni ina nan garau. Wani abokina da aka mayar gida jinya zai kawo miki wannan, ban san ranar da zai iso ba, ki ba shi ruwa ya sha.

Ƙasar nan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, shinkafa safe da yamma, har na fara mafarkin tuwon dawa. Ki gaya wa Mama ta daina kuka, ba a harbi sosai yanzu.

Ki shiga wurin Baba ke kaɗai ki gaya masa saƙonsa yana aiki. Sau biyu ana harbi kusa da mu, ko ƙwarzane ban samu ba. Abin yana da ƙarfi ba wasa. Damtsena ya yi ja, ya tashi, yanzu ya zama ciwo har hannun yana yi mini nauyi wurin ɗaga bindiga. Mai ba mu magani ya ce gumi ne da gugar fata, ya ce in yar. Na yi dariya kawai. Ki ce wa Baba ban karya alkawari ba, ban raba shi da jikina ba ko na minti ɗaya. Na dai sa masa igiya na mayar da shi wuya, yana kan ƙirjina a cikin riga inda ba mai gani.

Jibi za a tura mu goma sha biyu can cikin daji gadin wata gada, sai bayan mako shida za a canje mu. An ce ba wasiƙa, rediyon ma sai an hau tudu kuma in batir ya yarda. Don haka in kun ji shiru kada hankalinku ya tashi.

Ki gaida Yaya Ishaya in kin rubuta masa. Baba ya ce daga cikin kayan karatunsa abin ya fito. Ki ce na gode, ashe bokon nasa zai yi mini rana.

Ku ci gaba da yi mana addu'a. Sai Allah ya sada mu.

Naki, auta,
Kofur Dawuda.